Mariƙin Taga Mai Ruwan Azurfa

Ranaku da yawa na aiki sun shige sun ɓace mini, amma akwai wata Talata ta tsakiyar damina da har yau ta ƙi barin zuciyata. Kun roƙe ni in rubuta muku wani abu kafin in tattara komatsaina in bar sashen ayyuka, ku da za ku gaje mu. Na san kuna tsammanin labarin kwalbatin da ruwa ya ci ne, ko na rufin makarantar da iska ta yaye muka mayar cikin kwana uku. Ba su zan ba ku ba. Labarin mariƙin taga zan ba ku, ɗan ƙarfen nan da bai wuce tsawon tafin hannu ba, wanda ake kamawa a murɗa a buɗe taga. Sunan ƙaramar hukumar da na asibitin na bar su, sunayen mutane kuma na sauya, domin kuskuren da ke ciki nawa ne.

A lokacin ina foman na ɓangaren ƙarfe da katako. Ga wanda bai san tsarinmu ba, ga yadda yake. Idan za a gyara ginin hukuma, foman ne ke zuwa ya duba, ya ƙirga abin da ya lalace, ya cike takarda. Daga nan ɗan kwangila ya kawo samfurin kayan da za a sa. Foman ya zaɓa ya sa hannu, sannan shugaban sashe ya sa nasa a ƙasa. Hannun shugaban sashe na amincewa ne. Hannun da ke cewa wannan ƙarfen zai yi aikin, na foman ne. Shugabanmu a wancan lokaci Injiniya Garba ne, mutum mai fara'a, mai son aiki ya fito da kyau, kuma bai taɓa tilasta mini sa hannu a kan abin da ban yarda da shi ba. Ku riƙe wannan.

A ƙarshen rani aka tura ni wani asibitin karkara da za a yi wa kwaskwarima. Ɗakin kwanciyarsa ɗaya ne, dogo, gado goma sha biyu, shida a kowane gefe, kuma kowane gado da tagarsa a bisa kansa. Tagogin na ƙarfe ne masu gilashi, irin na da, ba su da sandunan kariya. Mariƙansu baƙin ƙarfe ne mai kauri, bakin kowanne ya lanƙwashe sama kamar ƙahon rago. Yankin bai da nisa da ruwan Tiga, laima ba ta barin ƙarfe ya huta, saboda haka tsatsa ta cinye gindin da yawa daga cikinsu. Abin da ya ja idona shi ne, kowane mariƙi da ɗan ƙyallen bandeji ɗaure a jikinsa, wani sabo, wani ya yi baƙi don daɗewa.

Ina tsaye ina rubutu a ɗan littafin aljihuna sai mai kula da ɗakin ta zo. Malama Asabe ke nan, malamar jinya, ta kusa shekara ashirin a wurin, kuma bakinta ba ya ragawa kowa. Ta leƙa littafin ta ga ajami ne, domin da shi na saba yi wa kaina rubutu tun ina ƙarami.

“Malam Isyaku, laya kake rubuta wa tagogin namu?”

Na ce, “Ƙirga nake yi, Malama. Mariƙi bakwai sun mutu, biyar suna jinya.”

“To kwantar da biyar ɗin, yau akwai gado.”

Na tambaye ta ƙyallayen nan na mene ne. Ta dube ni kamar na tambaye ta amfanin ƙofa.

“Nan muke rataya ƙarin ruwa. Sandar ratayawa uku gare ni a duk asibitin nan, ɗaya ma gurguwa ce, sai an tokare ta da bulo. In mutum goma suka kwanta a rana ɗaya, a kaina zan ɗora ledojin?”

Ta nuna mini yadda suke yi. A zura ƙyallen a kunnen ledar ruwan, a maƙala a lanƙwasar mariƙin, ledar ta tsaya sama da mara lafiya, ruwa ya riƙa gangarowa cikin jijiyarsa. Ta kuma nuna mini ƙusoshi uku ko huɗu da aka kafa a bango don wannan aikin.

“Duk abin da za ka kawo mana, ya zama mai ƙugiya a baki. Kuma ya zama wanda ba ya tsoron kulorin. In amai da gudawa ya shigo da damina, sau uku a rana muke wanke duk abin da hannu ke taɓawa. Ka rubuta a layar taka.”

Na rubuta. Har yanzu littafin yana nan, ga maganarta a gefen shafi: mai ƙugiya, mai jure kulorin. Amma takardar ofis gida huɗu gare ta, wato sunan abu, adadi, girma, da launi. Babu gidan da aka tanada don abin da mutane ke yi da abu. Sai maganar ta zauna a aljihuna, takarda ta tafi ba ita.

Bayan mako biyu ɗan kwangila ya ajiye samfuri uku a teburin Injiniya. Na farko mai ruwan zinare, yana ɗaukar ido. Na biyu mai ruwan azurfa, sumul, miƙaƙƙe, kana ganin fuskarka a jikinsa. Na uku baƙin ƙarfe ne na gida, aikin masu walda, an shafe shi da baƙin fenti, ga gurbin walda a gindinsa kamar tabon ƙuna.

Ga yadda ake gwada irin wannan kaya, don wanda bai sani ba. Ka fara auna shi a tafin hannu. Ka ƙwanƙwasa shi a siminti ka saurari ƙararsa. Sannan ka juya cikinsa, inda ido ba ya gani, ka kankare da bakin wuƙa. Mai ruwan zinaren na kankara sau ɗaya sai ga toka-toka a ƙasa, wato tutiya ce, ƙarfe mai arha, aka narka aka zuba a mazubi aka yi mata wanka. Mai ruwan azurfan ma cikinsa tutiya ce, sai dai rigarsa ta fi kauri, sai da na danna wuƙa kafin ta nuna. Baƙin kuwa, ƙarfe ne ciki da waje. Tutiya ba ta lanƙwasa. In ta gaji, karyewa take yi lokaci ɗaya. Duk wannan na san shi a ranar.

Injiniya ya ɗauki mai ruwan zinaren yana juya shi a hasken taga.

“Malam, dubi wannan. Ranar buɗewa manya za su zo, da masu ɗaukar hoto.”

Na ce, “Yallaɓai, wannan damina ɗaya zai yi ya koma kamar tsohon kwano.”

Ya ajiye, ya tura baƙin da ɗan yatsa. “Wannan kuma fa? Asibiti muke gyarawa ko turken jaki?”

Na gaya masa abin da Malama Asabe ta ce. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya jawo wata takarda ya nuna mini.

“Sashen lafiya sun rubuta sandunan rataya ruwa goma sha biyu, sababbi. Taga ta koma aikinta na taga. Amma kai ka san ƙarfe, Malam. Wanda ka sa wa hannu, shi zan sa wa.”

Na daɗe a aikin hukuma, na san nisan da ke tsakanin an rubuta da an kawo. Da na ce baƙin nake so, da ya yi dariya ya sa hannu. Amma zan gaya muku gaskiya, tunda don ita na ɗauki alƙalami. Mai ruwan azurfan ya burge ni. Shekarun aikina duk a ƙarƙashin ƙasa suke da cikin rufi, kwalbati da ginshiƙi da katakon da ba wanda ke ɗaga kai ya duba. Na so sau ɗaya a shiga wuri a ce wa ya yi wannan. Sai na yi wa kaina lissafin da zai ba ni abin da nake so. Na ce a buɗe da safe a rufe da yamma, zai yi shekara uku. Na ce na kauce wa ƙyalƙyalin banza, na kauce wa muni, na tsaya a tsakiya. Har daɗi na ji, ina ganin na yi hikima. Na sa hannu a kan mai ruwan azurfa.

Aka yi aiki. Aka cire tsofaffin mariƙai da ƙyallayensu, 'yan gwangwan suka kwashe. Aka zare ƙusoshin bango, aka yi sabon shafe, aka yi farin fenti, aka sa sabon silin. Ni da hannuna na rubuta sanarwa na manna a bakin ƙofa cewa an hana kafa ƙusa a bango.

Ranar buɗewa baƙi suka zagaya ɗakin, wani babba ya kama mariƙi ɗaya ya murɗa ya ce kamar asibitin birni. Injiniya ya nuna ni, aka yi mini sannu da aiki. Da jama'a suka fita cin abinci, sai ya rage ni da Malama Asabe. Sabon mariƙin in an rufe taga bakinsa ƙasa yake kallo. Ta cire 'yar jakarta daga kafaɗa ta rataya a jikinsa. Jakar ta zame ta faɗi ƙasa. Ta ɗauka ta sake ratayawa, ta sake zamewa. Ta karkaɗe ta, ta mayar kafaɗa.

“Sun yi kyau, Malam Isyaku,” in ji ta.

Na ce mata sanduna suna hanya. Ta ce Allah ya kawo su lafiya.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Da ta yi tsakiya, amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyukan bakin rafi da rugagen da ke kewaye. Muna jin labari a ofis kamar yadda ake jin labarin wani gari. Ran Litinin da yamma wata 'yar takarda ta iso teburina daga asibitin, layi ɗaya: tagogi ba sa rufuwa, ruwa na shigowa. Na ɗauke ta ƙaramin aiki. Washegari sai da na gama abin da ke gabana, na yi sallar azahar, sannan na ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur na kama hanya. Rafin da ke kafin garin ya fara cika, da ƙyar na tura babur na haye, ana yayyafi.

Tun daga bakin ƙofa warin kulorin ya tare ni. Akwai mutane kwance a baranda a kan tabarmi. Da na shiga ɗakin sai na tsaya, domin ban gane abin da nake gani ba. A gefen gadaje mutane ne tsaitsaye, maza da mata, kowa ya ɗaga hannu ɗaya sama, shiru, kamar masu jiran a ba su izinin magana. Sai da na ƙara dubawa na ga kowanne ledar ƙarin ruwa ce a hannunsa.

Na dubi tagogin. Ruwan azurfan ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon kifi, ƙarƙashinsa ya yi baƙi da fari-farin gari. Kulorin ya shiga ta gindi, inda mariƙin ke juyawa, ya cije. Da hadari ya taso, mutane suka riƙa murɗawa da ƙarfi don su rufe taga, takwas suka karye a wuya. Huɗun da suka rage an yi ƙoƙarin ɗaure leda a jikinsu, ƙyallen na zamewa. Sandunan da aka rubuta ba su zo ba. Sanduna ukun nan na da su ne dai, har da gurguwar da bulonta.

Malama Asabe ta taso daga kan wani mara lafiya. Idanunta sun yi ja, ita kaɗai ce da wani ma'aikaci guda a kan mutum fiye da ashirin. Ba ta yi mini ba'a ba, kuma da ta yi da na fi jin sauƙi.

“Ka zo,” ta ce. “Bar tagogin. Kana da ƙusa?”

“Akwai ta kankare.”

“Kafa mini a kan kowane gado. In an tambaya wa ya karya doka, ka ce ni ce.”

Na fara daga bakin ƙofa, gado na ɗaya, kamar yadda muka saba a kowane aiki. Sabon shafen bai kama tsohon bango da kyau ba, in na buga sai ya zube, sai na sake neman wuri. Kowace ƙusa tana cin lokaci. Masu jinya suka riƙa kira. Wannan ya ce Malam nan, hannuna ya mutu. Waccan ta ce don girman Allah Baba ka fara da mu, yaro ne. Na bar bin layi na koma bin murya, duk wanda ya fi kira shi nake zuwa wa.

A can ƙarshen ɗaki, gado na goma sha biyu, akwai wata tsohuwa Bafulatana, siririya, da zane mai duhu. Ta riƙe leda da hannun dama, ta tallafe gwiwar hannun da na hagu. Fuskarta na kallon taga, ta ba gadon baya. Wanda ke kwance namiji ne da bai wuce shekara talatin da biyar ba. Na hange ta sau biyu ko uku. Ba ta kira ba, ba ta ko waiwayo ba. Na ce a raina wannan tana da sauran ƙarfi, bari in gama da masu kuka.

Na ɗauki kusan awa guda kafin in isa gare ta. Na yi mata sallama, na ce, “Inna, kawo in karɓe ki.” Sai a lokacin na ga ledar ba a sama take ba. Hannun ya sauko a hankali har ya dawo daidai ƙirjinta, yana rawa, ita kuwa ba ta sani ba, tana jin kamar yana inda yake. Na bi siririyar robar da ido zuwa hannun mutumin. Wajen taƙi guda daga allurar, robar ta cika da jini, ya yi baƙi. Ruwa ba ya ɗiga.

Na karɓi ledar na ɗaga sama, na kira Malama Asabe. Ta zo da sauri, ta duba, ta matsa robar.

“Inna, tun yaushe ya tsaya?”

Tsohuwar ba ta juyo ba. Ta ce, “Ban duba ba.”

“Ba na ce ki riƙa kallon ɗigon ba?”

Wani dattijo da ke jinyar ɗansa a gado na kusa ya ce a hankali, “Malama, ɗan farinta ne.”

Ku 'yan yankin nan ne, kun san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zuba masa ido a gaban mutane, ba ta nuna damuwa a kansa, balle a wajen mutanen ruga da kunyarsu ta fi tamu. Ɗaki cike da baƙi, ga shi kwance ba sutura sosai. Ta yi masa abin da za ta iya, wato ta tsaya. Daga baya na ji tun hantsi take tsaye a wurin, ba ta zauna ba, ba ta miƙa wa kowa ba, domin mazan gidan suna can da shanu, matarsa kuma tana fama da jariri. Sunansa Buba. A bakin dattijon nan na ji, ba a bakinta ba.

Malama Asabe ta zare allurar ta nemi wata jijiya. Ciwon nan yana tsotse ruwan jikin mutum har jijiyoyi su lafe. Ta gwada ɗaya hannun, ta gwada bayan tafi, ta gwada ƙafa. Ina tsaye da leda a sama ina jira a ce an samu. Ban fi minti goma ba kafaɗata ta fara zafi kamar an sa mata garwashi, ni da nake aikin guduma kullum. Aka ɗura masa ruwan gishiri da sukari a cokali, ya dawo da shi. Aka aika neman mota a kai shi babban asibiti, aka dawo aka ce rafi ya cika, ba abin da ke hayewa. Bayan la'asar kaɗan Malama Asabe ta ɗora yatsu a wuyansa, ta daɗe, sannan ta ce mini, “Sauke hannunka, Malam.”

Muka yi salati. Dattijon ya ja mayafi ya rufe shi. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Har lokacin tana kallon taga, inda guntun mariƙina yake. Ta ce, ba da kowa take ba, “Hannuna ne ya sauka.”

Na ji ta sarai.

A baranda na tare Malama Asabe na ce, “Malama, da a ce ledar tana rataye…”

Ta ce, “Ban sani ba. A galabaice aka kawo shi. Wataƙila ko sanda goma gare ni da ya tafi. Wataƙila kuma da ya tashi. Kada ka tambaye ni abin da Allah kaɗai ya sani. Ga wasu can a ƙasa ba su da ƙusa.”

Na koma na ci gaba da bugawa.

Da na ba Injiniya labari washegari, ya yi wa mamacin addu'a. Ya ce kwana ne ya ƙare. Ya ce a rubuta cewa kayan da aka kawo ba su da inganci. Na ce, “Yallaɓai, uku aka kawo, ni na zaɓa.” Ya ce, “Malam, kada ka ɗora wa kanka abin da ba wanda ya ɗora maka.” Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ni ma na yi imani ba mai wuce lokacinsa, a kan haka aka raine ni, a kan haka nake fatan cikawa. Amma ajalin Buba ba shi za a tambaye ni ba. Abin da aka ba ni amana shi ne ƙarfe, an kuma gaya mini aikin da zai yi, na rubuta da hannuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, akwai wata tsohuwa a ruga da ta ɗauki kayan da ba nata ba ta aza a kanta.

Ranar sadakar uku na nemi rugar. Ardonsu ya karɓe ni a gindin wata ɗorawa, muka gaisa, muka yi addu'a. Na roƙi a ba ni izini in yi wa mahaifiyar gaisuwa. Inna Dudu ake ce mata. Aka raka ni ƙofar bukkarta. Tana zaune a kan tabarma, hannun daman a cinyarta kamar ba nata ba.

Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Sannan na ce, “Inna, ni ne mai gudumar nan na asibiti. Na zo in gaya miki wata magana. A wurin da kika tsaya, da can akwai ƙarfe mai ƙugiya, shi ke riƙe ruwan. Shekara da shekaru ba a taɓa sa mutum ya riƙe ba. Ni na cire shi na sa wani don ya fi kyau. An gaya mini kada in yi, na yi. Ba hannunki ba ne. Ba hannun da zai iya abin da kika yi, balle ya wuce shi.”

Ta dubi hannun da ke cinyarta. Ardo ya fara cewa ai komai nufin Allah ne, ta ɗan ɗaga yatsa, ya yi shiru.

“Ƙarfen yana nan?”

“An zubar, Inna.”

“Ana iya yin wani?”

“Ana iya.”

“To ka mayar. Jiya aka kai matar yaron nan can asibitin. Ni kuwa hannun ba ya ɗaguwa yanzu.”

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ban kuma ga ina da bakin tambaya ba.

Daga rugar ban koma ofis ba. Na wuce Kwanar Dangora wurin wani mai walda da na sani, muka yanka rodi goma sha biyu, muka lanƙwasa bakin kowanne sama, muka shafa jan fenti mai hana tsatsa, muka bi da baƙi. Ko gama bushewa bai yi ba na ɗaure su a babur. Da na isa asibitin, uku daga ƙusoshin da na kafa sun riga sun zube da shafensu, an koma riƙewa da hannu. Kafin magariba na ɗaura duka. Malama Asabe ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaura ƙyalle. Da ta kai na ƙarshe ta ce, “Kai, amma munana ne.” Ita ce ba'ar farko da ta yi mini tun ranar buɗewa.

Matar Buba ta tashi bayan kwana huɗu. Ban ce mariƙina ne ya tashe ta ba. Ni kuma na samu takardar tuhuma saboda sauya kayan gini ba da izini ba, tana nan a fayil ɗina, ita kaɗai ce a duk shekarun aikina. Na amsa ta da layi biyu, ban nemi a cire ba.

Ba ina ce muku kyau laifi ba ne. Mara lafiya ma yana son ya buɗe ido ya ga wuri mai tsabta da haske, kuma akwai ofisoshin da na sa wa mai ruwan azurfa bayan wannan, yana nan lafiya, domin ba mai wanke shi da kulorin, ba mai rataya ran mutum a jikinsa. Abin da nake cewa shi ne, launi da ƙyalli su ne tambaya ta ƙarshe. Kafin su, ku tambayi wa zai taɓa abin, da me za a wanke shi, da wane aiki mutanen wurin suka ɗora masa wanda ba a rubuta a takarda ba. Mutanenmu ba sa barin ƙarfe ya yi aiki ɗaya. In an gaya muku, kada maganar ta kwana a aljihu don takarda ba ta da gidanta, ku rubuta a gefe, ku ja layi a ƙarƙashi. In kun shiga ɗaki kowa na kira, ku fara duba wanda ya yi shiru.

Kuma duk ranar da aka tura ku cire wani tsohon abu, mummuna, mai tsatsa, kuka ga an ɗaura masa ƙyalle, ku ajiye sukundireba, ku nemo wanda ya ɗaura.